Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar 'Yan Taru

Duk wanda ya ziyarci Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a birnin Sakkwato ba zai rasa ganin mata suna shiga ayari ayari ba, tsofaffi da 'yan mata, waɗansu daga ƙauyuka masu nisa, suna gaisuwa suna addu'a. Yawancinsu bayan sun ziyarci Mujaddadi sai su juya wajen kabarin 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka binne kusa da shi cikin shekarar 1864. Ba ta riƙe sarauta ba, ba ta ja rundunar yaƙi ba, amma duk da haka sunanta yana cikin sunayen da ba a iya tsallakewa idan ana ba da tarihin Daular Usmaniyya. Dalili kuwa shi ne ita ce ta ɗauki nauyin wani aiki wanda takobi ba ya iyawa, watau isar da sanin Allah daga iyaye zuwa 'ya'ya, ta hannun matan da suke renonsu.

HAIHUWARTA DA TASHINTA

An haifi Nana Asma'u a Degel cikin shekarar 1793. Degel a wancan zamani wani ɗan ƙauye ne na malamai cikin ƙasar Gobir, yanzu kuwa yana cikin yankin Gwadabawa na Jihar Sakkwato. Sunan mahaifiyarta Maimuna, 'yar'uwar Shehu ce ta jini. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'adar ƙasa da sai a sa mata suna irin na tagwaye, amma Shehu ya zaɓa mata Asma'u, watau sunan 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙu, wadda ta riƙa kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mahaifinta guzuri sa'ad da suke ɓoye cikin kogo a kan hanyarsu ta hijira. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka ta tashi a hannun sauran matan Shehu.

Gidan da ta tashi a ciki gida ne wanda karatun mata ba baƙon abu ba ne a cikinsa. Mahaifiyar Shehu, Hauwa'u, da kakarsa Ruƙayya, duk mata ne masu ilmi. Shi kansa Shehu ya yi suka mai zafi cikin littafinsa Nurul Albab ga malaman da suke zama dare da rana suna karantar da almajirai don a yaba musu, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci, ba su san hukuncin alwala da salla da azumi ba. Tun kafin a haifi Asma'u, sa'ad da Shehu yake yawon wa'azi, wani malami ya taɓa yi masa ƙorafi a kan barin mata su halarci majalisinsa. Ƙanensa Malam Abdullahi ya mayar da amsa cikin waƙar Larabci, ya nuna cewa barin mace ba ta san Ubangijinta ba ya fi fitowarta neman sani muni, muddin ta suturta kanta kuma an raba wurin zamanta da na maza.

A cikin wannan gida Asma'u ta fara da allo kamar kowane yaro, ta haddace Alƙur'ani, ta shiga littattafan tauhidi da fiƙihu da tafsiri da tarihin Annabi, ta kuma tashi bisa tarbiyyar ɗariƙar Ƙadiriyya wadda mahaifinta yake kai. Ta iya harsuna huɗu, Larabci da Fillanci da Hausa da harshen Abzinawa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

HIJIRA DA SHEKARUN WUYA

Tana 'yar yarinya al'amura suka fara dagulewa tsakanin Jama'ar Shehu da sarakunan Gobir. Sarkin Gobir Nafata ya kafa doka cewa kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, kada maza su naɗa rawani, kada mata su yi lulluɓi, kuma duk wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya koma ga abin da ya tarar kakanninsa suna yi. Wannan doka ta ƙarshe ita ta fi kowace ciwo, domin manufarta ita ce a datse hanyar da addini yake bi ya shiga sababbin gidaje. Da Yunfa ya gaji sarauta abin ya ƙara tsananta, har ya kai ga Shehu da jama'arsa suka bar Degel suka yi hijira zuwa Gudu cikin watan Fabrairu na shekarar 1804. Asma'u a lokacin ba ta wuce shekara 11 ba. Ta fita tare da mata da yara da tsofaffi, aka ɗaure littattafan Shehu aka tafi da su, aka bar gidaje da gonaki.

Abin da ya biyo baya shekaru ne na yaƙi da yunwa da ƙaura. Cikin watan Yuni na 1804 Jama'a suka yi nasara a Tabkin Kwatto, amma kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda mutane wajen 2,000 suka yi shahada, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Daga nan aka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara, sa'an nan Gwandu cikin 1805, inda bayan yaƙin Alwasa abokan gaba suka matso har bakin gari. Sai a shekarar 1808 aka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, hankali ya ɗan kwanta.

Yarinyar da ta ga waɗannan abubuwa da idonta ta koyi darasi biyu waɗanda suka bi ta har ƙarshen ranta. Na farko, ilmin da yake cikin ƙirjin mutane kaɗan yana iya salwanta cikin yini guda, kamar yadda ya faru a Tsuntsuwa. Na biyu, idan maza suka fita yaƙi, ko suka faɗi a fagen fama, mata ne ake bari da yara, kuma abin da uwa ta sani shi ɗanta zai tashi da shi.

AURENTA

Wajen shekarar 1807 aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, malami kuma babban aminin yayanta Muhammadu Bello. Allah ya ba su 'ya'ya maza shida. Da Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa, gidansu ya zama masaukin manyan baƙi da malamai da manzanni daga kowace kusurwa ta daula. A hannun Giɗaɗo ne Baturen nan Kilafatan ya sauka sa'ad da ya zo Sakkwato cikin 1824. Aure da renon 'ya'ya da hidimar gidan Waziri ba su raba Asma'u da alƙalami ba. Mijinta marubuci ne shi ma, kuma sun zama abokan aiki wajen tattara labarin Shehu da na Bello domin waɗanda ba su riske su ba.

Shehu ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1817, ba da daɗewa ba kuma ɗan tagwaicinta Hassan ya bi shi. Asma'u tana cikin waɗanda suka tsaya wajen tattara littattafan Shehu da tsara su da kiyaye su, bayan sun sha yawo daga sansani zuwa sansani a zamanin yaƙi. Cikin 1820 ta rubuta littafinta na Larabci mai suna Tanbihul Gafilin, wanda ya ƙunshi bayanin halayen da suke kusantar da bawa ga Allah da waɗanda suke nisantar da shi. Daga nan ba ta ajiye alƙalami ba har fiye da shekara 40.

MATSALAR DA TA TASO BAYAN NASARA

Cin gari abu ɗaya ne, gyaran zukatan mutanen cikinsa kuwa wani abu ne dabam. Bayan jihadi jama'ar ƙasar Sakkwato ta cakuɗa ƙwarai. Akwai ɗimbin mata waɗanda aka kamo wajen yaƙi aka shigar da su gidajen Musulmi, akwai matan ƙauye da na ruga waɗanda ba su taɓa zama gaban malami ba. Yawancinsu sun tashi cikin al'adar bori, wadda a Gobir take da shugaba mai ƙarfi, watau Inna, 'yar gidan sarauta. Idan ciwo ya kama yaro, ko haihuwa ta yi gardama, ko ruwan sama ya ɗauke, abin da suka sani shi ne a kira masu garaya a nemi iskoki. Waɗannan mata kuwa su ne suke goyon 'ya'yan da za su gaji daular gobe. Idan aka bar su yadda suke, to, kafin jikokin mutanen Gudu su girma sai a wayi gari sunan Musulunci yana nan a fada da masallaci, amma cikin ɗaki abin da aka yi hijira dominsa ya ɓace.

Littattafan da manyan malaman jihadi suka rubuta da Larabci ne, waƙoƙinsu kuwa yawanci da Fillanci. Macen da ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu, ga ta kuma da daka da ɗiban ruwa da reno, ba ta da hanyar kai wa gare su. Asma'u ta duba wannan hali ta ga cewa tsawa da hani kaɗai ba za su raba mace da abin da take dogara gare shi a lokacin tsoro ba, sai an ba ta abin da ya fi shi, da harshen da take ji, a kuma kai mata shi har inda take.

WAƘA TA ZAMA ALLO

Makamin da ta zaɓa shi ne waƙa, domin waƙa tana da sauƙin haddacewa, ana iya rera ta ana kaɗi ko ana niƙa, kuma yaron da yake goye yana ji. Cikin 1829 ta tsara wata gajeruwar waƙa da Fillanci wadda ta ƙunshi sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 cikin baiti 30, daga baya aka sami irinta da Hausa da kuma Larabci. Cikin 1831 ta juya waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, waƙar da take gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa da talakawa a kan sakamakon zalunci, domin kowa ya ji da kunnensa abin da Shehu ya ce game da haƙƙin mutane.

Sarkin Musulmi Bello ya rubuta wani littafi na nasiha da Larabci a kan salihan mata na farkon Musulunci, ya nemi ƙanwarsa ta mai da shi waƙa. Ta yi haka da Fillanci da Hausa, ita ce ake kira Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. A ciki ta ambaci matan Annabi da 'ya'yansa, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta ƙara da matan Jama'ar Shehu waɗanda mutane suka sani da idonsu. Hikimar wannan ita ce macen ƙauye ta gane cewa kusanci ga Allah ba na mutanen dā kaɗai ba ne, ba kuma na maza kaɗai ba ne. Cikin 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'in da suka zo daga Annabi, domin malamai su sami abin ba mai ciwo da mai naƙuda da mai firgita a maimakon bori.

Haka ta ci gaba. Ta yi Begore a kan rayuwar Annabi, ta yi Godaben Gaskiya a kan shika-shikan addini da abin da yake jiran mutum bayan mutuwa, ta yi Sharuɗɗan Ƙiyama, ta yi Roƙon Ruwa domin lokacin fari, ta yi Dalilin Samuwar Allah inda take jan hankalin mai sauraro ya dubi sama da ƙasa da halittar kansa ya san Mahaliccinsa. Ta kuma tsara tarihin hijira da yaƙe-yaƙen jihadi da Fillanci, wanda ƙanenta Isa, autan Shehu, ya juya zuwa Hausa, ake kiransa Waƙar Gewaye. Abin da ya tsira na rubuce-rubucenta ya haura 60.

'YAN TARU DA JAJI

Rubuta waƙa bai isa ba sai an sami mai kai ta. A nan ne Asma'u ta yi abin da ya fi kome dawwamar da sunanta. Tun zamanin Bello ta fara zaɓen mata dattijai masu hankali da riƙon amana daga garuruwa da ƙauyuka, tana karantar da su, tana naɗa kowace ta zama shugabar matan yankinta. Irin wannan mace ita ake kira jaji, sunan da fatake suke ba wanda yake gaban ayari yana nuna hanya. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani. Malfa kuwa a dā alama ce ta Innar Gobir, shugabar masu bori. Asma'u ta ɗauki abin da mata suka saba gani suna girmamawa ta ɗora shi a kan malama, don haka duk macen da ta hango malfa ta san ga shugaba nan tafe, sai dai abin da take ɗauke da shi ya sake.

Matan da suke bin jaji su ake kira 'Yan Taru. Ba a ɗaukar matan aure masu ƙananan 'ya'ya a wannan tafiya, domin kada a ɓata zaman gida. 'Yan mata waɗanda ba su kai aure ba da tsofaffi waɗanda suka gama haihuwa su ne suke tasowa a ƙasa, jaji tana gaba, har gidan Asma'u. Sukan zo da 'yar sadakarsu ta hatsi da zuma da man shanu da zare, ita kuwa ta raba wa mabukata. Sukan zauna ta biya musu waƙa har su haddace, ta warware musu ma'anarta, ta amsa tambayoyinsu a kan tsarki da salla da zaman aure da haƙƙin maƙwabci. Idan suka koma gida sai su shiga gida gida suna koya wa matan da ba su sami zuwa ba. Ta haka karatun da aka yi a ɗaki guda cikin Sakkwato ko Wurno yake isa kunnen yaron da yake wasa a tsakar gida a ƙauyen da malami bai taɓa kwana ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wadda take kusa da shi a lokacin ita ce uwa.

Aikin 'Yan Taru bai tsaya ga karatu ba. An hore su da duba marasa lafiya, da taimakon mai haihuwa, da wankan gawar mace bisa sunna, da sulhunta masu faɗa, da kula da marayu. Yaro ya ga uwarsa ko kakarsa tana yin waɗannan saboda Allah, ya tashi ya san cewa imani yana da aiki a bayansa.

MATSAYINTA DA BAƘIN CIKINTA

Malaman zamaninta sun san darajarta. Ta yi musayar wasiƙu da waƙoƙi da malamai na kusa da na nesa, har da wani malamin ƙasar Shingiɗi wanda ta yi wa waƙar maraba da Larabci sa'ad da ya iso Sakkwato. Ta rayu cikin zamanin Sarakunan Musulmi Bello da Abubakar Atiku da Aliyu Babba da Ahmadu ɗan Atiku, ana jin maganarta, ba ta kuwa jin nauyin tunatar da masu mulki idan ta ga an kauce wa tafarkin Shehu.

Tsawon rai ya sa ta binne yawancin waɗanda take ƙauna. Baffanta Abdullahi ya rasu a Gwandu cikin 1829. Bello, wanda ya kasance yayanta kuma malaminta kuma abokin shawararta, ya rasu a Wurno cikin 1837, shekara guda bayan nasarar Gawakuke. Daga baya mijinta Giɗaɗo ya bi su. Kowannensu ta yi masa marsiyya. Abin lura a nan shi ne ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Zaharatu wadda take taimakon mata wajen haihuwa, ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta. Cikin waɗannan waƙoƙi abin da take yabo shi ne haƙuri da kyauta da sada zumunci da tsoron Allah. Ko marsiyyar da ta yi wa Bello ta fi ba da ƙarfi ga ilminsa da adalcinsa da tausayinsa bisa ga yaƙe-yaƙen da ya ci. Da haka makoki ma ya zama darasi, domin masu tasowa su san abin da ya cancanci a tuna mutum da shi.

RASUWARTA DA ABIN DA TA BARI

Nana Asma'u ta rasu cikin shekarar 1864 tana da shekara wajen 71, aka binne ta kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu 'yar Shehu, wadda ta taɓa zama a Kano tana auren Sarki Ibrahim Dabo, ta ɗauki ragamar 'Yan Taru, bayanta kuma Ta Modi, jikar Shehu, ta karɓa. Turawa suka ci Sakkwato cikin watan Maris na 1903, mulki ya sake hannu, amma mata ba su daina zuwa da jajinsu ba, ba su kuma daina rera waƙoƙin a cikin gidaje ba, domin abin da aka ajiye cikin ƙirjin uwaye ba ya hannun mai mulki.

Ta wajen zuriya ma Allah ya yi mata albarka. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a Wazirci, sarautar kuma ta zauna a gidansu. Daga wannan zuriya ne aka sami Waziri Junaidu, wanda ya riƙe Wazircin Sakkwato daga 1948 har rasuwarsa cikin 1997, kuma a ɗakin littattafansa ne aka adana yawancin rubuce-rubucenta. Da taimakonsa wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta rubuta tarihinta cikin 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukanta cikin 1997. Makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai da yawa a Arewa suna ɗauke da sunanta.

Iyaye da yawa suna kukan cewa 'ya'yansu sun tashi ba su damu da addini ba, alhali kuwa sun sallama tarbiyyarsu duka ga malamin makaranta. Tarihin wannan baiwar Allah yana nuna inda gyara yake farawa. Ta fara da ilmantar da uwa, ta yi mata magana da harshen da take ji, ta ba ta karatu daidai ƙarfinta, ta kuma haɗa karatun da aikin taimakon jama'a wanda yaro zai gani da idonsa. Wanda yake son jikokinsa su san Allah, sai ya duba abin da matan gidansa suka sani tun yau.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da sauran magabata, ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.